Wai sai da kibod mai tsarin Amurka ake rubuta manhaja?

Nura: Jama'a, a ba ni shawara. Na samu laftof tokumbo 'yar Jamus, lafiyarta ƙalau, sai dai Z da Y sun yi musayar wuri, kuma kafin alamar { ta fito sai na danne AltGr (maɓallin Alt na dama) da 7. Oga Bashir ya ce in sayar, wai duk mai rubuta manhaja da ba ya kan tsarin Amurka azabtar da yatsunsa kawai yake yi.

Bashir: Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. A Amurka aka ƙirƙiro yaren C, Dennis Ritchie a Bell Labs, wajen 1972, sai Java da JavaScript suka gaji alamominsa. Dubi kibod ɗinsu: [ da ] na nan dama da P, ba Shift ba komai, alamar ; kuma tana ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsanka. A na Jamus, [ sai AltGr da 8, ] sai AltGr da 9. Layi nawa za ka rubuta a haka kafin wuyan hannu ya fara ƙara? Abin har ya kai an saka wa C wata dabara, ka rubuta ??< ta tsaya a madadin {, don waɗanda na'urarsu ba ta da alamar.

Hajara: Oga, tarihinka daidai ne, shawarar ce ban yarda da ita ba. Fentin da ke kan maɓalli ba shi ke yanke hukunci ba. Nura, shiga saitin harshe na Windows ka ƙara tsarin Amurka, nan take maɓallan za su koma fitar da abin da Oga yake yabo. In idonka ne ke ruɗa ka, ka sayi sitika ta haruffa a Banex, kasuwar kayan kwamfuta da waya ta Abuja, ka manna. Da kuɗin canja laftof gara ka ƙara RAM.

Bashir: To siffar fa, Hajiya? Na Turai Enter ɗinsa dogo ne a tsaye, Shift na hagu guntu, an cusa wani maɓalli a gefensa. Saiti ba ya gyara wannan.

Hajara: Sabo ne. Nawa na Ingila ne, a haka nake cin abincina.

Malam Sadiq: Ku biyun kuna faɗa ne a cikin gida ɗaya. QWERTY ɗin kansa, jerin haruffan da na Amurka da na Ingila duk suke kai, tun shekarun 1870 ne, na keken rubutu. Ni wani tsarin kibod na koma, Colemak, wanda ya fito a 2006. Maɓallai 17 ya sauya wa wuri, ya bar Z, X, C, V inda suke don kada kwafa da liƙawa su rikice.

Usman: Malam, da girmanka, ranar da aka ce ka zauna kan kwamfutar wani a ofis ka gyara matsala cikin gaggawa fa? Na ga wanda ya saba da Dvorak, wani tsarin kibod na daban, yana laluben haruffa gaban shugabansa kamar yau ya fara. Kuma yawancin aikinmu karatu ne da tunani. Ban taɓa ganin wanda saurin bugu ya hana shi gama aiki ba.

Malam Sadiq: Ba sauri nake nema ba, ɗana, sauƙin yatsu nake nema.

Hajara: In sauƙi ne, ku mai da Caps Lock ya zama Ctrl ko Esc. Mai aiki da Vim, editan rubuta manhaja, zai gode mini. Na'urar da Bill Joy ya rubuta vi, magabacin Vim, a kanta, Esc ɗinta na wajen da Tab yake a yau, shi ya sa editan ke yawan kiransa.

Usman: Ni damuwata daban ce. Manhajar da muke yi ta Hausa ce, kuma duk tsarin da kuka lissafa babu mai ƙ, ɗ, ɓ. Kullum sai na kwafo su daga wani fayil.

Hajara: Saka Keyman, manhajar ƙara tsarin kibod, akwai tsarin da ke ɗauke da su. Kana rubuta umarni ka zauna kan na Amurka, ka zo saƙon da mai amfani zai karanta ka danna maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara ka sauya.

Bashir: Kun dai ji, kan na Amurka ta ce a zauna.

Hajara: A saiti na ce, Oga, ba a kasuwa ba. Usman, bari in tashi daga aiki in turo maka yadda ake sakawa.