Rufin majami'ar ƙauyenmu: mu tura kuɗi ne ko mu sayi kwano a Legas?

Ɗan Zazzau, Agege:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Saƙo ya iso mana daga ikilisiyarmu ta Angalika da ke wani ƙauye a ƙasar Zazzau cewa za a yi sujadar godiya ta kaka a watan Nuwamba, kuma ana sa ran 'ya'yan garin da ke Legas za su sa hannu, domin rufin majami'a ya yi ta yoyo duk daminar bana har mawaƙa suka riƙa janye bencinsu. Mun haɗa abin da ya sawwaƙa, amma kanmu ya rabu: wasu sun ce a tura wa Rabaran kuɗin, wasu kuma sun ce a sayi kwano a nan a ɗora wa motar da za ta koma Arewa. Wanne ya dace da tsarin ikilisiya?

Tsohon Katikis, Idi-Araba:
Ɗana, kada kuɗin gini ya shiga asusun Rabaran na kansa, ba don ana zarginsa ba, sai don a tsare shi daga bakin mutane. A tsarinmu akwai wadin guda biyu, wato masu kula da dukiyar ikilisiya, ɗaya limami ne yake naɗa shi, ɗayan kuma jama'a ne suke zaɓa a taron shekara, kuma su da ma'aji da majalisar ikilisiya ne suke riƙe da lissafi. Ku tuna cewa Bishop yana iya yi wa limami canjin wurin aiki kafin a buga ƙusa ko ɗaya, daga nan sai a shiga neman inda kuɗi ya kwana.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kowace ikilisiya tana da kason da take biya wa dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, duk shekara, ga kuma alawus ɗin masu bishara da ke ƙananan tashoshi, wanda a ƙauye yakan makara har sai amfanin gona ya shigo gida. Idan kuɗinku ya iso babu takarda, majalisa za ta toshe ramin da ya fi matsa mata, kuma ba za a ce ta yi laifi ba. Saboda haka ku rubuta a fili cewa na rufi ne, ku roƙi a karanta wasiƙar a lokacin sanarwa ranar Lahadi.

Mai Kayan Gwari, Mile 12:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne, kuɗin mota zai cinye rangwamen da kuke hange, kuma kwanon da ya sha hanya daga nan zuwa Zariya da wuya ya isa bai lanƙwashe ba. A saya a Zariya ko Kaduna, bayan kafinta ya hau ya duba ko gara ta ci katakon.

Uwar Zumunta, Obalende:
'Ya'yana, ku tambaya ko bangon na ƙasa ne, domin majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa kusa da Zariya, inda mishan ɗin CMS na Angalika ya koma a 1929, ginin ƙasa ce, kuma kulawa ce ta tsayar da ita har yau. Idan ruwa ya jiƙa kan bango, sabon kwano kaɗai ba zai wadatar ba.

Ni dai ban so a tura kuɗi a zauna. Ku aika mutum ɗaya ya halarci godiyar, ya ga tsohuwar da za ta kawo mudun gyaɗa a ƙulle cikin ɗankwali tana rawa har gaban bagadi. Idan aka fara gwanjon kayan baiko bayan sujada, ya sayi buhun masara ko dawa da sunanku ya bar wa mai bishara, amma kada ya yi ta ɗaga farashi har manoman garin su ji kunyar buɗe baki.

Ɗan Zazzau, Agege:
Mun gode, Baba da Mama. Za mu nemi lambar asusun ikilisiya daga hannun ma'aji, kuma ƙanena da zai je gida ɗaurin aure a watan ne zai kai wasiƙar.