Neman kalmar Hausa ga kasuwancin da yaƙi ya kasa karyawa

Salamu alaikum. An ba ni wani rubutu a nan Gombe domin in mayar da shi Hausa, kan yadda 'yan kasuwa ke rayuwa a ƙasar da ake yaƙi, sai kalmomin Turanci biyu suka tsaya mini a wuya, wato "resilience" da "stability". Kafafen watsa labarai sun saba kiran ta farko juriya, ta biyu kuwa ɗorewa ko kwanciyar hankali, amma da na gwada su a cikin jimla sai na ji ma'anar ta rame.

Juriya, a kunnen Bahaushe, ita ce mutum ya cije ya daure, ya zauna inda yake har wahala ta wuce, alhali abin da ake nufi a nan ya wuce zama. A watan Fabrairun 2022 da Rasha ta mamaye Yukiren, tashoshin jiragen ruwan Yukiren na Bahar Aswad sun rufe, hatsi ya taru babu hanyar fita. A watan Yuli aka ƙulla yarjejeniya a Istambul bisa shiga tsakanin Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar da kusan tan miliyan 33 na hatsi da sauran kayan abinci, kafin Rasha ta janye a Yulin 2023. Maimakon a naɗe hannu, sai aka ƙara karkata kaya zuwa tashoshin kogin Danub, aka kuma buɗe wata hanyar ruwa da ke bin gaɓar Romaniya da Bulgariya. Wannan sauya hanya ce da sake dabara, ba cijewa kawai ba, kuma juriya ba ta ɗauke da wannan nauyi. Ina neman shawarar masana.

Amsar wani malamin Hausa daga Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda juriya ta gaza, domin asalin kalmar "resilience" a Latin yana nufin abu ya koma yadda yake bayan an danne shi. Jajircewa ma ba za ta yi ba, tunda hali ne na zuciyar mutum, ba siffar jari ko kamfani ba. Ni dai farfaɗowa nake gani, domin muna cewa maras lafiya ya farfaɗo, muna kuma cewa tattalin arziki ya farfaɗo. Game da ta biyun, ina roƙon a bar kwanciyar hankali inda take, domin gari ne ke samun ta, ba shago ba.

Amsar wani mai sarin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe:

Allah ya gafarta malamai, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma mun ga abin nan da idonmu. A Disambar 2014 bam ya tashi a tashar motar Dukku da ke cikin garin Gombe, a Yulin 2015 kuma ya tashi a babbar kasuwar Gombe ana tsakiyar sayayyar jajiberin Sallah. Kafin nan, a 2013, an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, ta yadda mai sari ba ya iya tambayar farashi ko sanin inda motarsa ta kwana. A kasuwa ba mu cewa wane ya jure. Cewa muke yi wane ya karye, wane kuma ya tashi. Waɗanda suka tashi su ne waɗanda ba su tara uwar kuɗinsu a rumfa ɗaya ba, suna da abokin ciniki a gari fiye da ɗaya, kuma ubangida ya yarda ya sake ba su kaya bashi saboda amanar da aka sani. Sai dai farfaɗowa tana nuna sai an suma tukuna, alhali na san mutanen da ko kwana ɗaya ba su rufe ba, sun dai rage yara sun sauya irin kayan da suke sayarwa. Su kuma me za a kira nasu?

Marubucin farko:

Na gode Malam, na gode Alhaji. Gyaran Alhaji yana kan hanya, kuma shi ya sa ba zan ɗauki farfaɗowa ita kaɗai ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne ƙarfin farfaɗowa. Farfaɗowa aukuwa ce da ke zuwa bayan faɗuwa, amma ƙarfinta abu ne da ke jikin kasuwanci tun kafin masifa ta zo, kamar ajiyar da ba a taɓa ba, da hanyar kawo kaya ta biyu, da mutuncin da ke sa a ba mutum bashi ba tare da takarda ba. Wanda bai rufe shago ba yana da shi, sai dai ya yi amfani da shi da wuri, shi ya sa ba a ga sumansa ba. Na so in ɗauki ƙin karyewa saboda daga bakin 'yan kasuwa ta fito, amma tana kama da taurin kai, kuma ba ta karɓar ƙari ko ragi, domin ba a cewa ƙin karyewar wane ya ƙaru.

Ta biyun, wato "stability", ta fi sauƙi, har na yi mamakin yadda muka manta da ƙarko. Muna cewa atamfa mai ƙarko, muna cewa aure ya yi ƙarko, wato abu ya daɗe a kan ingancinsa bai lalace ba. Ɗorewa kuwa masu ayyukan raya ƙasa sun riga sun kama ta wajen ci gaba mai ɗorewa, don haka gara a bar musu ita kada ma'anoni su cakuɗe.

Ga yadda jimlar da ta tsayar da ni ta fito yanzu: yaƙi ya rage ƙarkon kasuwancin hatsi a yankin, amma ya nuna ƙarfin farfaɗowar masu yin sa. Zan karanta wa Alhaji ita a rumfarsa ranar Asabar in Allah ya kai mu, in ji ko yaran shagonsa za su gane ba tare da an yi musu bayani ba.