Ɗan shekara 16 ya gagara: za a iya korarsa?

Mai tambaya: Jama'a, yaro ɗan shekara 16 ya bar makaranta, yana kwana a waje. Doka ta yarda iyayensa su kore shi?

Lauya: A yawancin ƙasashe, a'a. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Ci, sutura da matsuguninsa suna wuyan iyaye, korarsa na iya zama laifin sakaci. In ya ɓace, a sanar da 'yan sanda nan take.

Malamar jinya: Don Allah a fara kai shi asibiti a duba shaye-shaye da ciwon damuwa. Duka ƙara kangarar da shi yake yi.

Malami: A gindaya masa sharuɗɗa biyu ko uku kacal, kamar lokacin dawowa gida. Uwa da uba su zama baki ɗaya, domin saɓaninsu ne ƙofar da yake bi ya zille.