Keken tsere na gwanjo don zuwa aiki: wane birki zan ɗaura masa?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Na sayi tsohon keken tsere na gwanjo, firam ɗin ƙarfe, mai lanƙwasasshen kai, giya 6 a baya. Da shi nake son riƙa zuwa aiki a cikin Kano, rani da damina. Birkinsa ba ya kamawa, sai na matse har hannun birkin ya taɓa kan keken. Wani ya ce in mayar da shi birkin faifai, wani ya ce in sa irin na keken hawan dutse. Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya, me zan bari?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara cire maganar faifai a ranka. Birkin faifai yana buƙatar maɗauri na musamman a jikin fok da firam, da hob mai wurin ɗaura faifan. Tsohon keken tsere ba shi da ko ɗaya, kuma a yi wa siririn fok walda don a liƙa maɗaurin ganganci ne, ba a ƙera shi don ɗaukar wannan ƙarfin a ƙasansa ba. Na keken dutse, wato V, shi ma sai da sanduna biyu a jikin fok. Ko da akwai su, hannun birkin keken tsere ba ya jan waya da tsawon da V ke bukata, za ka matse har ƙarshe bai kama ba.

Abin da ya rage maka shi ne birkin da ke matse rim, mai noti ɗaya a sama. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki rula ka auna daga tsakiyar ramin notin birki zuwa tsakiyar gefen rim inda roba ke gogawa. Auna gaba da baya, don ba lallai su zo ɗaya ba. Birkin kekunan tsere na zamani gajere ne, milimita 39 zuwa 49. Matsakaici 47 zuwa 57, irin Tektro R539 ko Shimano R451. Dogo 55 zuwa 73, irin Tektro R559. Tsofaffin firam galibi matsakaici ko dogo suke ci. In ka sayi gajere, robar za ta sauka a kan taya maimakon rim, ta cinye gefen tayar har ta fashe.

Ka nemi birki mai gaɓa biyu, wato wanda kowane hannunsa ke juyawa a kan nasa noti. Ya fi tsohon mai gaɓa ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya yawan karkacewa gefe guda. Sannan ka duba yadda ake ɗaure shi: tsofaffin kekuna noti ne a waje, sababbin birki kuwa notinsu shigewa yake yi cikin ramin fok. R559 na zuwa da nau'in noti a waje, shi za ka tambaya. In ba a samu ba, ana faɗaɗa ramin bayan fok kawai zuwa milimita 8, ramin gaba kada a taɓa shi.

In kuɗin birki ɗaya ne a hannunka, sayi na gaba. Shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da keke.

Baban Gareji:
Duk abin da Mai Sifana ya faɗa haka yake, sai dai ni ba zan ce ka sayi sabon birki tukuna ba. Birkin da hannu ke kaiwa ƙarshe bai kama ba, yawanci waya ce da roba. Wayar ta saki ko ta yi tsatsa a cikin bututunta, robar kuma ta bushe ta zama kamar dutse.

Sayi wayar birki 2, kauri milimita 1.6, wadda ba ta tsatsa in akwai, da bututu na milimita 5 kamar mita 2. Kan wayar keken tsere kamar 'yar kwalba yake, ba irin gangar nan ta keken dutse ba, ka tafi da tsohuwar kasuwa a gwada. Kada kuma a ba ka bututun giya na milimita 4 a ce duk ɗaya ne. Zaren ƙarfen cikinsa a miƙe yake, in ka danne birki da ƙarfi yana iya tsagewa, ka wayi gari ba birki a tsakiyar titi. In an yanka bututu a goge bakin da fayil ya zama daidai, a buɗe ramin da tsinke, a sa masa hula.

Wajen ɗaura roba: samanta ya zauna kamar milimita 1 ƙasa da leɓen rim, kuma bakinta na gaba ya riga taɓawa da rabin milimita zuwa 1. Hanya mai sauƙi, ka ninke katin waya ka sa a ƙarshen robar na baya, ka matse birki, sannan ka ɗaure da alanki. Wannan ke hana ƙarar nan mai ciwon kunne. Tazarar roba da rim milimita 1 zuwa 2 kowane gefe. In wilin ya karkace ba za ka sami wannan tazarar ba, sai mai gyara ya fara daidaita sifok.

Yanzu babbar maganar: sa maganaɗisu a jikin rim ɗinka. In ya manne, ƙarfe ne mai ƙyalli, kuma irin wannan in ruwa ya jiƙa shi birki kusan ba ya aiki, ko wane iri ka ɗaura. Tunda da damina ma za ka hau, gara kuɗin ya tafi kan wilin gaba na alminiyam.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Na gwada, maganaɗisu ya manne. A jikin tayar an rubuta 27 x 1¼. Awon gaba ya ba ni milimita 56.

Na-Zariya:
To ɗan'uwa, nan ne za ka yi hattara. Wili mai inci 27 irin naka da 700C, girman wilin kekunan tsere na zamani, ba ɗaya ba ne, na farko rim ɗinsa milimita 630 ne, na biyu 622. Tayar wannan ba ta shiga wancan. In za ka canza wili, koma 700C, don tayoyinsa sun fi yawa yanzu, sai dai gefen rim zai sauka ƙasa da milimita 4. Ka ga 56 ɗinka ya zama 60, matsakaicin birki ba zai kai ba, dogon nan mai 55 zuwa 73 za ka saya. Shi ya sa ake fara yanke shawarar wili kafin birki. Ribar kuma ita ce za ka sami sararin sa taya mai faɗin milimita 32 har da murfin tare caɓi. A titi mai ramuka da yashi, 32 ta fi siririyar nan mai milimita 23 ta 'yan tsere amfani, ba ta yawan tsinke tif in ka faɗa rami.

Giyar kuwa ka bar ta yadda take. Kano ba tuddai ne da ita ba, 6 ta ishe ka. 'Yan libobin canza giya na jikin firam ba sa saurin lalacewa, kuma ba ruwansu da adadin giya. Sa kayan giyar Shimano irin Claris mai giya 8 ko Sora mai 9 zai ja maka sabon hob, domin faɗin bayan firam mai giya 6 galibi milimita 126 ne, su kuma 130 suke so, ga tsadar hannayen da ke haɗa birki da giya. Sarƙa kawai ka auna: gaɓoɓi 12 cikakku inci 12 ne cif, in sun wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza ta. Sarƙar giya 6, 7 da 8 duk ɗaya ce. Kada ka zuba mata baƙin mai, da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya cinye haƙoran giya. Ɗigo ɗaya na mai mara kauri a kowace gaɓa, ka goge saura da tsumma, kada ya kai ga rim.

Mai Sifana:
Ƙarin abu ɗaya. Dogon birki yana ɗan lanƙwasawa fiye da gajere, don haka kada ka yi rowa wajen roba. Robar birki ta kamfanin Kool-Stop mai ruwan jan ƙasa tana kamawa sosai cikin ruwa. Bayan kowane ruwan sama kuma ka duba fuskar robar, ka cire yashi da ɓurɓushin alminiyam da tsinin wuƙa, in ba haka ba su za su riƙa kankare sabon rim ɗin.