Neman shawara: zan shiga karatun awa 24 a karon farko

Mai tambaya, daga Maamobi:

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Ƙungiyarmu ta masu son karatu a nan Accra ta shirya karatun yini da kwana, daga ƙarfe 12 na ranar Asabar zuwa ƙarfe 12 na ranar Lahadi, kuma na ba da sunana, alhali ban taɓa shiga irinsa ba. Tsarin shi ne mu taru a ajin wata makaranta a Nima daga farawa har zuwa la'asar sakaliya, daga nan kowa ya koma gida ya ci gaba da karatunsa yana tura adadin shafukan da ya cinye ta WhatsApp, sannan mu sake haɗuwa da hantsi mu rufe tare.

Abubuwan da suka dame ni su ne waɗannan. Ban san yawan littattafan da ya kamata in tanada ba, domin wata ƙawata ta jera guda goma, ni kuwa ko biyu ban tabbata zan gama ba, musamman na Hausa, tunda mu a nan da Turanci muka yi boko, kuma idona ya fi gudu a kan Turanci. Ni mai barcin wuri ce, da wuya ƙarfe 10 ta same ni ido biyu. Mma, mahaifiyata, kuma ta ɗauka irin gasar nan ce ta neman suna a kundin Guinness, ta ce ba za ta yarda in kashe kaina a kan takarda ba. Daga ƙarshe ina tunanin ko in mayar da ranar ta zama ta saukar Alƙur'ani, in sami lada a kan wahalar. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Wani malamin sakandare, daga Madina:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Kafin ki je neman littafi, ki auna kanki tukuna. Yau da dare ki ɗauki littafin da kike son karantawa, ki duba agogo, ki karanta rabin awa ba tare da kin taɓa waya ba, sannan ki ƙirga shafukan ki ninka biyu. Baligin da ya saba da Turanci yakan karanta kalma kusan 240 a minti ɗaya idan a zuci yake yi, kuma shafin littafin labari yakan ɗauki kalma 250 zuwa 300, ke nan shafi 50 a awa ga wanda bai gaji ba. Wannan gudun na farkon yini ne, ba ya kaiwa dare. Idan kika cire salloli biyar, cin abinci, wanka, tafiya tsakanin Nima da gida da ɗan runtsawa, abin da zai rage miki na karatu tsantsa bai wuce awa 14 zuwa 16 ba, kuma a ganina wanda ya tashi da shafi 400 a karonsa na farko ya yi abin a yaba masa. Littattafai goman ƙawarki na kallo ne.

Duk da haka ki tanadi huɗu ko biyar, ba don ki gama su ba, sai don ki sami na canji, domin abin da ke kayar da mutum shi ne ya maƙale wa littafi ɗaya mai nauyi har ya gundure shi. Mai nauyin, ko na tarihi ne ko na Hausar da kika ce yana ja miki lokaci, ki ba shi awannin farko da na bayan asuba, lokacin da kai yake a sake. Tsakar dare kuwa ta gajerun labarai ce, waɗanda za ki ga ƙarshensu a cikin minti ashirin ki ji kin cim ma wani abu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da wannan, domin littattafai uku ne da aka gina da labarai gajeru, kowanne da kansa da gindinsa, kuma Hausarsa ba ta da sarƙaƙiya. A Turanci akwai The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, wanda ya fito a 2005. Shi ma gajerun labarai ne, kuma da yawansu a zango, wato unguwar Hausawa da Musulmi a Ghana, suke faruwa, don haka ba za ki sha wahalar shiga cikinsu ba. Kada ki fara da littafin da kike jin nauyin rashin karanta shi tun shekarun baya, ki fara da wanda kike ɗoki.

Wata hajiya ma'aikaciyar jinya, daga Sabon Zango:

'Yata, maganar barci ita ce babba, kuma zan faɗa miki ita kamar yadda muke faɗa wa sababbin masu aikin dare. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, kuma tsakanin ƙarfe 3 zuwa 5 na dare ne yake kai wa maƙurar kasala, ko an sha shayi ko ba a sha ba. Tunda ke mai barcin wuri ce, ki kwanta minti ashirin bayan azahar ko bayan la'asar, sannan ki ware awa ɗaya da rabi wajen ƙarfe 2 ki yi barci sosai, domin kimanin tsawon zagayen barci guda ke nan, kuma wanda ya tashi a ƙarshensa ba ya jin kansa ya yi dutse kamar wanda aka tasa a tsakiya. Ki ajiye wayar da za ta tashe ki nesa da shimfiɗa, yadda sai kin miƙe tsaye za ki kashe ta. Daren Juma'a kuma ki yi cikakken barci, kada ɗoki ya hana ki.

Kofi da shayi mai kauri da goro duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, kuma bayan awa biyar da sha rabinsa yana nan a jini. Ki sha kaɗan-kaɗan daga bayan isha'i, ki tsaya wajen ƙarfe 9 idan kina son barcin ƙarfe 2 ya ɗauke ki, sai kuma bayan asuba. Lemukan gwangwanin nan na ƙarin kuzari ki bar su, bugun zuciya kawai za su jawo miki. Abinci ma da lissafi: wake da shinkafa ki ci shi da rana, amma kada ki cika ciki da tuwo da dare, domin kina wanke hannu ido zai fara lumshewa. Gyaɗa, ayaba, dabino da ruwa mai yawa sun ishe ki har gari ya waye ki aika a sayo miki koko da ƙosai. Game da ido, duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kuma ki riƙa ƙiftawa da gangan, saboda mai karatu yana rage ƙifta ido bai sani ba, shi ne yake kawo raɗaɗi da bushewa. Idan a cikinku akwai mai farfaɗiya, mai juna biyu, ko mai ciwon suga da yake kan magani, ki gaya masa daga bakina ya tsaya a karatun rana, domin rashin barci yana tayar da farfaɗiya, kuma rikita lokacin cin abinci yana rikita suga.

Wani ɗalibin jami'a, daga Aboabo a Kumasi:

Hajiya, a gafarce ni, amma ni ban goyi bayan kwanciyar ƙarfe 2 ba. Barci ɓarawo ne, kuma na ga waɗanda suka ce bari su ɗan miƙe, sai kiran sallar asuba ya tashe su, wasu ma sai da rana ta fito. Yaya, abin da yake yi mini aiki shi ne kada in yarda jikina ya taɓa katifa. Kujerar katako nake zama, fitila a gabana, kuma da na ga na karanta layi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba, sai in miƙe in ci gaba a tsaye, ina zagaya ɗaki ina karantawa a fili. Murya tana korar gyangyaɗi fiye da shayi, ko da yake tana rage gudu. Ki kuma yi shirin dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, tun da wuri: ki cika fitilar caji da batirin ajiya, ki sa maganin sauro tun magariba. Karatu a waya kuwa ban ba ki shawara ba, ba don hasken kaɗai ba, sai don saƙo ɗaya zai shigo ki ce bari ki duba, kafin ki farga rabin awa ta tafi. Ki tura shafukanki duk bayan awa biyu, ki kife ta.

Hajiya ma'aikaciyar jinya:

Ɗana, dabarar tsayuwa da karatu a fili mai kyau ce, na karɓa. Amma ita wannan ba jarrabawa za ta rubuta ba, karatu za ta yi don ta ji daɗinsa ta kuma riƙe shi, kuma ƙwaƙwalwar da ta kwana ba barci ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Akwai kuma abin da ku samari ba ku so a faɗa: binciken da aka yi a kan rashin barci ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, idan ya kai awa 24 kuwa abin ya fi haka muni. Saboda haka duk wanda ya bi hanyarka a cikinsu, kada ya tuƙa mota ko babur zuwa wurin rufewa ranar Lahadi, ya shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ko ya taka da ƙafa.

Wani dattijo malami, daga Fadama:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da Alƙur'ani. Sai dai ban ba ki shawarar ki sauke shi a yini ɗaya ba. Ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Amr, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda ya karance Alƙur'ani a ƙasa da kwana uku bai fahimce shi ba. Ga shi kuma kuna ƙirgar shafi kuna turawa, kuma ba a so a sa littafin Allah a cikin abin da ake rige-rige. Ki buɗe da izu ɗaya ko biyu bayan azahar, ki ƙara wani bayan asuba da tartili, kada ki sa su a lissafin da kike turawa.

Ki lura kuma da cewa daga 12 zuwa 12 salloli biyar duka suna ciki, kuma sun riga sun yanka miki ranar gunduwa-gunduwa. A nan Accra magariba ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara, asuba kuma tana tsakanin 4:30 da 5, don haka zangon da ya fi tsawo shi ne daga isha'i zuwa asuba, wajen awa tara babu abin da zai tashe ki daga zaune. A cikinsa ne za ki sa barcin da Hajiya ta faɗa, kuma duk lokacin da ido ya yi nauyi ki sabunta alwala, kamar yadda masu tahajjud suke yi a goman ƙarshe. Kada daɗin labari ya sa ki haɗa azahar da la'asar.

Wata 'yar kasuwa, daga Nima:

Ƙanwata, Mma tana da hujjarta. Ta ga Afua Asantewaa tana waƙa kwana da kwanaki a nan Accra a Disamban 2023, ta ga Failatu Abdul-Razak tana girki a Tamale a Janairun 2024, dole ta zaci haka za a tsare ki. A ƙa'idar Guinness minti biyar kacal ake ba mutum na hutu a kan kowace awa, da shaidu da kyamara a kansa. Naku ba haka yake ba. Irinsa ake yi a intanet tun 2007 da sunan Dewey's 24 Hour Readathon, a watannin Afrilu da Oktoba, kuma a can ma ba a tilasta wa kowa ya cika awa 24, kowa yana yin iya ƙarfinsa ne. Ki zauna ki yi mata wannan bayani, ki nuna mata a takarda lokacin da za ki ci abinci da lokacin da za ki kwanta.

Amma bayani kaɗai ba zai wadatar ba, sai kin sauke mata aikinki tun ranar Juma'a. Ki yi wanki, ki cika randa da jarkoki, ki yi miyar kwana biyu, ki roƙi wata ƙanwa ta karɓi aike da wanke-wanke, ko da za ki ba ta 'yan sidi. A gidan haya idan an gan ki zaune da littafi, cewa za a yi ba ki da aikin yi, kowa ya kawo miki nasa. Ki kuma bincika ko akwai aure ko suna a layinku a wannan ƙarshen mako, domin idan aka kafa rumfa da lasifika a ƙofar gida, gara ki kwana wajen wata 'yar uwa da unguwarsu ta fi shiru. Idan kin iya, ki karanta wa Mma labari ɗaya na Hausa a fili bayan isha'i, shi ma ai karatu ne, yana cikin lissafi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada awon da Malam ya ce, na sami shafi 19 a rabin awa da Turanci, 11 da Hausa, don haka zan ɗauki littattafai huɗu, kuma zan bi tsarin Hajiya na kwanciya ƙarfe 2, ƙanwata za ta tashe ni. Saura inda zan samo littattafan, domin ba ni da halin saye duka.

Malamin sakandare:

Na Turanci ki fara da ɗakin karatun unguwa da ke nan Nima da Maamobi, ko babban ɗakin karatu na Accra da ke ƙarƙashin hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa, amma ki je tun farkon mako ki tambayi sharaɗin rajista da aro, kada ki bari sai ranar Juma'a. Na Hausa sun fi wuyar samu a nan. Ina da littafi na ɗaya da na biyu na Magana Jari Ce, bangon na biyun ya ɗan yage amma shafukansa cikakku ne. Ki turo wani ya karɓa a tashar Madina ranar Laraba bayan an tashi makaranta, ki dawo mini da su idan kin huta.