Makin laifin tuƙi a Birtaniya: abin da direbobi suka ce

A wata hira da direbobi suka yi kan makin da ake rubuta wa direba a lasisinsa in ya yi laifin tuƙi, bakinsu ya zo ɗaya: wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotu kan hana shi tuƙi aƙalla wata shida. Sabon direba kuwa igiyarsa gajera ce. Maki 6 cikin shekara biyun farko, lasisi ya tafi, sai sabuwar jarrabawa. Abin tsoron shi ne, riƙe waya kaɗai maki 6 ne da tarar fam 200, ko da danja ce ta tsayar da kai.

Gudun wuce sa'a maki 3 ne aƙalla. Suka ce in 'yan sanda suka ba ka zaɓin yin kwas na wayar da kai kan gudu, karɓi, ba za a rubuta maka maki ba. Kuma kada ka ɓoye wa kamfanin inshora makinka, ko da kuɗin zai ƙaru.