An rubuta min sikanin Dofla, surukata ta ce kar in yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Cikina sati 22, jiya a wurin awo likita ya rubuta min wani sikanin wai shi Dofla, na jijiyoyin mahaifa. A cikina na fari hawan jini ya kama ni a wata na takwas, yaron ya zo ɗan firit. To ban daɗe da yin sikanin ba, aka ce komai lafiya. Hajiya surukata ta ce yawan haska ciki yana ƙona yaro, maigida kuma gani yake cin kuɗi ne kawai. Wai ba ɗaya ba ne da wanda na yi?

Anti ungozoma, Samaru: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ɗaya ba ne. Wanda kika yi ya nuna girman yaro da kwanciyarsa da ruwan da yake ciki. Shi wannan gudun jini yake aunawa a manyan jijiyoyi biyu, dama da hagu, masu kai wa mahaifa jini. Idan mabiya ta kafu da kyau, jijiyoyin sukan saki, jini ya kwarara a wadace. Idan ba ta kafu sosai ba, sai a ga yana wucewa da ƙyar, wanda kan nuna yiwuwar hawan jinin ciki ko yaro ya ƙi girma. An fi yinsa tsakanin sati 20 zuwa 24, kin ga yanzu ne lokacinsa. Da irin tarihinki, ni ko 'yata ce sai ta yi.

Wata daga Tudun Wada: Ni na yi a asibitin Shika. Man nan mai sanyi suka shafa min, sai na ji na'urar tana fuu, fuu. Da na hango ja a allon gabana ya faɗi, na ɗauka jini ne ya ɓalle!

Mai ɗaukar sikanin: Hajiya, jan nan ba haɗari ba ne. Galibi ja na nufin jini ya nufo kan na'urar, shuɗi kuma ya ba ta baya. Batun ƙuna, a kwantar wa Hajiya babba da hankali: sauti ake aikawa ya dawo, babu irin hasken hoton ƙashi. Sai dai Dofla ya ɗan fi sikanin yau da kullum ƙarfi, shi ya sa ba mu yinsa a farkon ciki sai da dalili. Ba masu ciki kaɗai ba, muna duba ƙari a mahaifa da shi, ko in ana zargin kwan mace ya murɗe.

Wata daga Sabon Gari: Ki dage da shan zogale kawai, jini zai gudu.

Anti ungozoma, Samaru: Zogale abinci ne, ta ci abinta, amma ba ya buɗe jijiyar mahaifa. Ƙanwata, ko sakamakon bai yi daɗi ba kar ki tayar da hankali, ba ya nufin dole ciwon ya zo, ƙara sa miki ido za a yi. In ya yi kyau ma kar ki daina awon hawan jini. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko ciwo a saman ciki, ki tafi asibiti ko tsakar dare ne, don jijjiga ba ta jiran ranar awo.

Mai tambaya: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa maigida in ya dawo. Sai na sha ruwa mara ta cika kafin in je?

Mai ɗaukar sikanin: A irin watanninki ba lallai ba ne, amma ki tambaya inda za ki yi. Ki riƙo katin awo da takardar sikanin baya.